Na Ci Ladan Kuturu: Shekarata Ta Farko A Kan Tirela A Amurka

Mahaifina direban gingimari ne. Ya yi shekara talatin da wani abu yana ɗaukar shanu daga Arewa zuwa Legas, ya juyo da goro daga Shagamu ya sauke a Mariri. Mun taso muna gane dawowarsa tun kafin ya yi sallama, saboda warin baƙin mai da ke riga shi shigowa zaure. Kullum yana da yaran mota biyu, kuma na ga yadda suke koyon aikin da idona. Yaro zai shekara biyar ko shida yana wanke mota, yana sa weji a taya, yana kwana a ƙarƙashin bodi, kafin Baba ya yarda ya ba shi sitiyari ya yi ribas a cikin gareji. Ranar da na ce ina so in bi shi Kudu lokacin hutun makaranta, ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Ni na sha ƙurar titi ne don ku riƙe biro." Maganar ta mutu a nan.

Na riƙe biron kuwa, har na gama difloma, na yi shekara uku ina yawo da takardu a Kano. Sai Allah ya sa na ci cacar bizar Amurka, na sauka a 2014. Wani ɗan uwan abokina ya karɓe ni a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suke da yawa har sai ka ɗauka a Maraɗi kake in ka shiga masallaci ranar Juma'a. Na samu aikin dare a wani sito, ina loda kwalaye a tirela kan dala 12 a awa. A 2016 na je gida na yi aure, shekara ta zagayo aka haifa min 'ya mace. Daga nan lissafi ya fara ƙin fita. Kuɗin haya, kuɗin mota, cefanen gidana a Kano, maganin Baba da hawan jini ya kwantar, ga kuɗin takardun ɗauko iyali. Duk wata sai na ranta kafin albashi.

Direbobin da nake loda wa kaya su suka fara ba ni sha'awa. Mutum zai zo ya jingina tirela, ya koma cikin mota ya miƙe ƙafa, mu muna zufa. Na tambayi kuɗin makarantar koyon tuƙi a garin, aka ce tsakanin dala dubu huɗu zuwa shida, kuma sai ka bar aiki wata guda. Ba ni da ko dubu ɗaya. A watan Oktoban 2018 na ga talla a Facebook: wani babban kamfanin dakon kaya zai koya maka, ya ba ka masauki, ya samar maka lasisin manyan motoci da ake kira CDL, ya kuma ɗauke ka aiki, ba ka biyan ko sisi. Na cike fam da ƙarfe uku na dare lokacin hutun cin abinci. Kafin azahar wata mata ta kira ni, bakinta kamar zuma. Ta ce direbobinsu na shekarar farko suna samun kuɗin da ya ninka nawa, ta ce zan riƙa zuwa gida a kai a kai. Na tambaye ta ko akwai wani sharaɗi, ta ce, "Shekara ɗaya kawai za ka yi mana."

Akwai wani dattijo ɗan Damagaram da muke sallah tare, ya daɗe yana jan tirela. Na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ka ce su aiko maka da takardar ka karanta tun kana ɗakinka." Na ce to, Alhaji. Ban yi ba. Gaskiyar magana ita ce ina tsoron in karanta in ga abin da zai hana ni tafiya, ni kuma na riga na gaya wa matata cewa wahala ta ƙare.

Na ci jarrabawar rubutu guda uku da ake buƙata kafin a ba ka takardar koyo: ta sanin ƙa'idoji, ta birkin iska, da ta motar da ke jan bodi. Na ajiye aikin sito. Suka aiko min tikitin bas, na yi kwana ɗaya da wuni a zaune har wata jiha a tsakiyar ƙasar. Masaukin wani tsohon otal ne a bakin babban titi, mutum biyu a ɗaki. Mu kusan sittin muka fara ranar Litinin. Kafin Laraba an sallami fiye da goma: wasu gwajin fitsari ya nuna ƙwaya, wasu likita ya ce jininsu ya hau, wasu an tono wani tsohon laifin tuƙi da ba su faɗa ba. Waɗanda aka sallama su suka nemi kuɗin motar komawa gida. Na ga wani ƙato zaune kan jakarsa a bakin ƙofa yana kuka, ya sayar da motarsa kafin ya taho.

Ranar Laraba da yamma aka kawo takardar. Shafi tara, aka ba mu kamar minti ashirin. Ina nisan mil ɗaruruwa da ɗakina, ba aiki, a aljihuna dala 140. Ko da an rubuta cewa za su yanke min kunne, ina jin zan sa hannu. Abin da na fahimta a lokacin shi ne kuɗin makarantar dala 6,500 ne, bashi ne a kaina, za a yafe shi in na cika shekara. Abin da ban fahimta ba sai daga baya ya fi yawa. Shekarar ba daga ranar da na zo take farawa ba, daga ranar da aka ba ni mota ni kaɗai ne. In na tafi ko aka kore ni, ko da saura mako ɗaya, duk kuɗin zai dawo kaina tare da kuɗin otal da kuɗin ruwa. Kuma ba ni da damar yi wa wani kamfanin dako aiki har sai na biya. Ga dala 40 da za a riƙa cirewa a albashina duk mako.

Karatun mako uku ne. Na farko a aji, na biyu a fili, na uku a titi. A fili mu biyar muke rabon mota ɗaya, a cikin sanyin Nuwamba. In ka yi sa'a ka taɓa sitiyari minti arba'in a wuni, sauran lokacin kana tsaye kana hura hannu. Malaman ba mugaye ba ne, amma ba tuƙi suke koyarwa ba, jarrabawa suke koyarwa. Sun manna ɗan tef a jikin bodi: in ka ga tef ɗin ya yi daidai da wancan mazugin roba, ka murɗa sitiyari gaba ɗaya hagu, ka ƙirga uku, ka dawo. Haka muka haddace ribas kamar karatun allo, ba fassara. Duba mota kafin tafiya ma hadda ce, sassa fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kowanne ka nuna shi da yatsa ka faɗi sunansa da Turanci, ka ce bai tsage ba, bai lanƙwashe ba, ba ya yoyo. Gwajin birkin iska shi ne mai kisa: ka kashe mota, ka saki birki, ka taka ka riƙe minti ɗaya, allurar ma'aunin iska kada ta sauka fiye da 4. Ka tsallake mataki ɗaya, ka faɗi jarrabawar gaba ɗaya. Na faɗi a karon farko a nan, don na manta ban murɗa makulli ba. A karo na biyu na ci.

Wani abu kuma da ba wanda ya gaya mana: motocin makarantar duk masu canza giya da kansu ne. Wanda ya yi jarrabawa da irinsu, ana buga masa alama a lasisi cewa ba zai ja mota mai kuloci ba. Ɗan direban gingimari, ga lasisin tirela a hannu, amma doka ta hana ni taɓa giya. Da na kira Baba na gaya masa na samu lasisi, ya ce, "Wata nawa ka yi?" Na ce mako uku. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "To wa ya koya maka?" Ban da amsa. Ya ce Allah ya tsare, ya miƙa wa Inna wayar. Bai taɓa tuna min maganar biro ba, har ya bar duniya.

Daga nan sai zangon da ya fi kowanne ɗaci, wato bin mai horarwa. Ana haɗa ka da wani direba ku zauna a mota ɗaya har ka cika awannin da kamfani ya yanka. Ɗakin da ke bayan kujeru bai kai faɗin shagon mai shayi ba, gado biyu, ɗaya bisa ɗaya. Mutumin da aka ba ni wata takwas kacal ya yi yana tuƙi. Na yi mamaki, sai daga baya na gane lissafin. Ni ana ba ni dala 350 a mako ko nawa na tuƙa, shi kuwa ana biyansa kan kowane mil da motar ta yi, nasa da nawa. Saboda haka ba shi da wata riba a zama kusa da ni yana koya min. Ribarsa ita ce motar kada ta tsaya: ya tuƙa da rana, ni in tuƙa da dare yana barci. Kwana uku kawai ya zauna a kujerar gefe. A dare na huɗu ya ja labule ya ce in na ga matsala in tashe shi.

Ka tuna abin da ke hannuna. Bodi mai tsawon ƙafa 53, nauyin mota da kaya ya kai tan 36, ga dusar ƙanƙara da ban taɓa tuƙa ko ƙaramar mota a cikinta sosai ba. Na riƙa riƙe sitiyari har yatsuna su ƙage. In gari ya waye na hau gado, barci ba ya zuwa, domin motar tana tafiya, kowane rami sai ya ɗaga ka. Yana shan taba gilashi a rufe. Ba ya son tsayawa, yana da jarkar da yake fitsari a ciki, ya ce ni ma in nemi tawa. Sallah kuwa sai da dabara. Na riƙa haɗa azahar da la'asar, magariba da lisha, ina yin alwala a bayin gidan mai mutane suna kallona ina wanke ƙafa a wurin wanke hannu. Wata rana na shimfiɗa darduma tsakanin tireloli biyu, na ɗago daga sujada goshina ya manne da sanyi. Abinci burodi ne da kifin gwangwani, sai garin kwaki da sukari da na taho da shi. Ribas kuwa, a mako biyar sau shida ya bar ni na yi, domin ina ɓata masa lokaci. Da zarar mun iso wurin sauke kaya sai ya ce in matsa.

Na yi tunanin kai ƙara. Amma shi zai sa hannu a takardar da za ta ce na ƙware, kuma waɗanda suka nemi a canza musu mai horarwa sun yi mako biyu ko uku a otal suna jira, ba albashin kirki, shekararsu ba ta ma fara ƙirguwa ba. Na haɗiye. A ƙarshen Janairun 2019 muna kusa da Shikago aka yi wannan sanyin da ya kai 30 ƙasa da sifili. Man dizal ya daskare a motoci, tireloli jere a gefen titi. Mun kwana biyu a gidan mai, a nan ne kaɗai muka yi hira kamar mutane. Ashe shi ma ta wannan makarantar ya biyo, kuma ya karɓi horar da sababbi ne don albashinsa ba ya isarsa. Na daina jin haushinsa sosai daga ranar, ko da yake ban daina jin warin tabarsa ba.

A watan Fabrairu aka ba ni motata. Santi 28 na dala a kowane mil. A nan na san cewa direba ba a biyansa don ya yi aiki, sai don taya ta juya. Doka ta ba ka awa 11 na tuƙi a cikin awa 14, sannan dole ka huta awa 10, kuma kada ka wuce awa 70 a kwana takwas. Tun Disambar 2017 na'ura ce a jikin mota take ƙirgawa, ba littafin da za ka gyara da biro. To ka je ɗaukar kaya su ajiye ka awa biyar a layi, agogonka yana ci, aljihunka ba ya samu. A mako mai kyau na yi mil 2,200, wato dala 616 kafin haraji. A mako maras kyau mil 1,200. Cire haraji, cire inshorar lafiya, cire dala 40 ta makaranta, cire abin da na ranta don cin abinci a hanya. Akwai makon da dala 190 ta shigo asusuna, bayan kwana bakwai ban kwanta a gado mai ƙafa huɗu ba. A sito ina samun fiye da haka, kuma ina kwana a ɗakina. Zuwa gida kuwa, kwana ɗaya ne kan kowane mako da ka yi a waje, sai ka yi wata guda ka samu kwana huɗu.

Matata ta kira ta ce, "Maigida, lafiya kuwa? Kuɗin wannan watan bai kai na da ba." Na ce mata sabon aiki ne, sai a hankali. Na kasa gaya mata gaskiya har tsawon wata biyar.

Mako na uku da karɓar mota, da daddare a wani gidan mai a Indiyana, na zo yin ribas tsakanin motoci biyu. Babu tef, babu mazugi. Motoci sun yi layi a bayana, wani yana danna ham. Kunya ta hana ni sauka in duba. Na ji ƙarar ƙarfe. Na goge wa wani madubi da gefen ƙofa. Ba wanda ya ji ciwo, gyaran ma ba mai yawa ba ne, amma kamfani ya rubuta shi a matsayin haɗarin da za a iya kauce masa, ya shiga rahoton da kamfanonin dako suke dubawa kafin su ɗauki direba. Yanzu igiya ta zama biyu. Ko na sami mai biya min bashin, wa zai ɗauki direban wata ɗaya mai tabo?

Wanda ya koya min ribas na gaskiya wani dattijo ne Basomale da ban san sunansa ba. Ya gan ni ina fama a wani gidan mai a Ohayo, ya sauko daga motarsa da silifa a cikin sanyi. Ya yi min sallama, ya ce in bar kallon kan mota, in kalli tayoyin bodi na baya, su ne suke shiga ramin. Ya sa na fita na sake shiga sau bakwai a can ƙarshen fili inda ba kowa. Ya ce, "Ɗan uwa, sauka ka duba ko sau goma ne. Masu ham ɗin nan ba su za su biya ba." Ya ba ni dabino da shayi a kofin takarda, ya tafi. Awa ɗaya da rabi, ya fi min mako biyar ɗin can.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari ya faru ne a Wyoming, cikin watan Maris. Na ɗauko kaya marasa nauyi daga Utah, takardar bayi ce cike da bodi amma ba ta kai tan bakwai ba. Duk direban da ya san babban titi mai lamba 80 ya san tsakanin Rawlins da Laramie, wajen dutsen Elk. Fili ne fetal a kan tudu, ba bishiya, iska tana zuwa daga gefe ta daki bodi kamar bango. Allunan lantarki na kan titi suna gargaɗin iska mai gudun fiye da mil 60 a awa. Na tsaya a Rawlins na aika wa mai raba mana lodi saƙo cewa zan jira. Ya amsa cewa sauran motocinmu suna wucewa, kuma in kayan suka makara za a rubuta a fayil ɗina. Ina da tabo ɗaya riga. Na zauna ina lissafi: tabo na biyu, kora, dala 6,500 da kuɗin ruwa, takardun matata da ke buƙatar in nuna ina da abin riƙe iyali. Ban yi lissafin raina ba ko sau ɗaya. Na tayar da mota.

Mil talatin da fita na ga tirela ta farko kwance a gefenta. Sai ta biyu. Na rage gudu zuwa 35, na kunna fitilun gargaɗi. A wata gada iska ta buge ni, na kalli madubi na ga tayoyin bodi na hagu sun rabu da ƙasa. Na ga haske a ƙarƙashinsu. Ban san daƙiƙa nawa ba ne. Bakina yana ta Innalillahi, ƙafata ta sauka daga totur da kanta, ban taka birki ba, kuma ba don na san kada in taka ba ne, tsoro ne ya sandarar da ni. Tayoyin suka dawo ƙasa da wata irin ƙara. Babu wurin tsayawa mai aminci, tsayawa a gefen titi ma iska za ta iya kayar da kai. Haka na rarrafa har Laramie. Da na kashe mota na kasa sauka, gwiwoyina sun ƙi ɗaukata. Na kifa kai a sitiyari na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

A daren na fahimci abin da takardar nan ta yi min. Ba kuɗi kaɗai ta ɗaure ba. Ta shiga motar ta zauna a kujerar gefe, ita take yanke shawarar in tafi ko in tsaya. Na kira Alhajin Damagaram. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya ce doka tana tare da direban da ya ƙi tuƙi saboda haɗari, kuma tun 2016 hukumar da ke kula da manyan motoci ta haramta tilasta wa direba ya karya ƙa'ida. Ya ce kada in ƙara yin irin wannan magana a waya, in rubuta a na'urar mota inda saƙo ba ya gogewa, in ce hanya ba ta da aminci, zan tashi in ta gyaru. Bayan mako biyu aka yi ruwan ƙanƙara a Nebraska, na rubuta hakan hannuna yana rawa. Amsar da ta zo ita ce, "To, sanar da mu in ka tashi." Shi ke nan. Sun bar ni kwana biyu ba lodi daga baya, na san horo ne, amma ba a kore ni ba. Ashe barazanar ta fi ƙarfinta a cikin kaina.

Na yi azumin wannan shekarar a kan titi, cikin Mayu, ina buɗe baki da dabino da ruwan gora a gudun mil 62, domin an ƙayyade motar ba ta wuce haka. Cikin watannin nan sau uku suna kirana da tayin in karɓi mota haya da sunan za ta zama tawa, in zama mai gidan kaina. Wannan karon na ce a aiko min da takardar. Na kai wa Alhaji muka karanta tare, muka ga kuɗin mota, mai, gyara da inshora duk a kaina, lodi kuma su ne masu bayarwa. Na ce na gode.

Baba ya rasu a watan Agusta. Ina wani sito a Teksas ina jiran a sauke ni ƙanena ya kira. Ko da jirgi a ƙofar sito yake ba zan sami jana'iza ba, wannan na sani, amma na so in je in zauna da Inna ko na mako biyu ne. Na tambaya. Aka ce kwana uku suke bayarwa na rasuwa, in na wuce wani adadin kwanaki ba na kan mota za a ɗauka na ajiye aiki, bashin kuma ya tashi. Saura wata shida. Na kira Inna ina shirin yi mata bayani, ta riga ni. Ta ce, "Ka zauna ka gama abin da ka ɗauko. Babanka bai taɓa ajiye lodi a rabin hanya ba." Na yi masa addu'a a bayan mota, na karɓi gaisuwa ta waya, washegari na ɗauki kaya zuwa Jojiya. Har yau wannan ne abin da ban gama yafe wa kaina ba, ko da yake na san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na cika shekara a Fabrairun 2020. Na sa suka ba ni takarda a rubuce cewa ba sa bina komai, na ajiye musu makulli bayan mako biyu. Cikin mu sittin ɗin nan, waɗanda na san sun kai ƙarshe ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ƙungiyar kamfanonin dako ta Amurka da kanta ta sha bayar da alƙaluman da ke nuna cewa a manyan kamfanoni, yawan direbobin da ake sauyawa a shekara yana kaiwa kusan kashi 90 cikin ɗari. Wanda ya zauna a ajinmu ba zai yi mamaki ba, duk Litinin sabuwar bas take sauke mutane. Wani abokina da ya gudu a wata na huɗu, masu karɓar bashi sun bi shi shekaru, ya kasa samun hayar gida da sunansa. Tun Fabrairun 2022 gwamnati ta sa dole makarantu su yi rajista su bi manhaja ɗaya, amma ba ta yanka yawan awannin da ɗalibi zai yi a kan sitiyari ba, kuma takardar bashin tana nan yadda take.

Ba zan ce hanyar ba ta kai ni ko'ina ba. Lasisin nan shi ya ɗauko matata da 'yata, shi yake biyan hayar gidan da muke ciki. Na koma na sake jarrabawa da mota mai kuloci aka cire min alamar nan, don kaina kawai, ko don Baba. Yanzu ina kai kaya shaguna a cikin jiha, ana biyana da awa, ina kwana a gida. Bayana yana ciwo in sanyi ya shigo, kuma har yanzu in iska ta kaɗa motar sai na kalli madubin hagu.

Makon jiya wani yaro ɗan Tawa da bai daɗe da zuwa ba ya same ni bayan sallar lisha, ya ce Alhaji ne ya turo shi. Ya sa sun aiko masa da takardar, shafi goma sha ɗaya. Muka zauna a falona da biro, matata ta kawo shayi. Na nuna masa inda aka rubuta ranar da shekara take farawa, da inda aka ce ko su suka kore shi zai biya. Na gaya masa kwalejojin gwamnati na yanki suna koyar da wannan tuƙin da araha, kuma ofishin samar da aiki yakan biya wa wasu, sai dai a jira. Ya ce, "Yaya, wata nawa ne jiran?" Na ce zai iya kai uku. Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa. Ya ce mahaifiyarsa tana asibiti a Yamai.

Bas ɗinsa ƙarfe biyar na asubar Lahadi take tashi. Ni zan kai shi tasha. Na saya masa safar hannu mai kauri da ƙaramar darduma, matata kuma tana daka masa yaji.